Kwamandan ƙananan jiragen kumbo: ya fita tare da yaransa ko ya zauna ciki?

Marubucin_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Yau wata huɗu ke nan ina fama da wani ƙagaggen labari na kimiyya da nake rubutawa da Hausa, kuma na cije a babi na bakwai. Labarin yana gudana ne a cikin wani ƙaton kumbo na yaƙi da ke yawo a sararin samaniya, ɗauke da ƙananan jiragen yaƙi arba'in da takwas a cikinsa, kamar kaza da ƴan tsakinta. Kumbon yana da kyaftin ɗinsa, sannan akwai wani hafsa dabam wanda ƙananan jiragen da matuƙansu suke ƙarƙashinsa, kuma shi ne tauraron labarin. Abin da ya ɗaure mini kai biyu ne. Idan ranar gumurzu ta zo, shin wannan hafsa zai shiga jirginsa ya fita a gaban yaransa ne, ko kuwa zai zauna a ɗakin ba da umarni yana kallon allo? Sannan idan suka saɓa da kyaftin, maganar wa za a bi? Ina neman shawarar masana, don kada in rubuta abin da mai hankali zai karanta ya yi mini dariya.

TsohonMalaminTarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan muƙami da kake magana a kansa ba masu ƙaga labari ne suka ƙirƙiro shi ba, aro shi suka yi daga rundunar sojan ruwa ta Amurka. A can, jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama yana da kyaftin, amma jiragen saman da ke kansa suna da nasu shugaba, wanda ake kira CAG a taƙaice, ma'ana kwamandan rukunin jiragen sama. A shekarar 1963 an canza sunan rukunin, amma laƙabin shugaban ya ƙi canzawa a bakin sojoji har yau. Dangane da tambayarka ta biyu, amsar ta danganta da zamanin da ka ɗauka misali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana ƙarƙashin kyaftin ne kai tsaye, kamar kowane shugaban sashe a cikin jirgin. A shekarun 1980 aka ɗaga darajarsa har ta yi daidai da ta kyaftin, su biyun suka koma amsa umarnin admiral ɗin da ke jagorantar ayarin jiragen. Saboda haka kana da zaɓi biyu, kuma dukansu suna da tushe.

ƊanKabuKabu_Zariya:
Ni a ganina babu ma abin muhawara a nan. Shugaban da ba ya fita tare da mutanensa ba shugaba ba ne, magatakarda ne. Idan na karanta littafi na ga tauraro yana zaune kan kujera yana aika ƴaƴan mutane su mutu, a shafin nan zan rufe shi.

InjiniyaMaradi:
Ɗan'uwa mai kabu-kabu, na fahimci abin da zuciyarka take so, amma akwai lissafin da ba ya jin roƙo. Mutumin da ke cikin ƙaramin jirgi, ana harbinsa yana kaucewa, ba zai iya riƙe matsayin jirage arba'in da bakwai a kansa ba, balle ya san wane ne mansa ya kusa ƙarewa. Wanda ke zaune cikin kumbo yana da manyan na'urorin hange da mataimaka, yana ganin fagen gaba ɗaya. Sai dai kuma akwai wani abu da ya kamata Marubuci ya yi la'akari da shi, wanda zai iya juya maganar. Saƙon rediyo ba ya wuce saurin haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin duniya da wata akwai kusan kilomita 384,000, shi ya sa magana take ɗaukar fiye da daƙiƙa ɗaya kafin ta isa. Zuwa duniyar Mars kuwa, saƙo yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. To, idan a labarinka ana fafatawa ne a kusa da kumbon, kwamanda ya zauna ciki. Idan kuwa jiragen za su yi nisan da sai umarni ya yi minti guda a hanya, abin da yake gani a allo ya riga ya zama tsohon labari, kuma dole wani mai cikakken iko ya kasance tare da su. Nisan da ka zaɓa shi ne zai yanke maka hukunci, ba jaruntakar tauraronka ba.

Marubucin_Bagalam:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ban taɓa tunanin wannan ba, domin a rubutuna na yanzu suna hira da juna kamar masu waya tsakanin Bagalam da Mokoyo. Sai na koma na gyara babi na uku.

JikarMadugu:
Ina so in kawo misali daga gida, domin ba sai mun je Amurka ba kafin mu san wannan rabon aiki. Kakana na wajen uwa ya yi fatauci, kuma ya sha ba mu labarin tsarin ayari kamar yadda ya ji daga mahaifinsa, wanda ya bi hanyar Gwanja neman goro. Ya ce jagaba ne yake wucewa gaba, shi ke duba hanya da zango, amma madugu a baya yake tafiya, domin daga baya ne ake ganin jakin da ya gurgunce da yaron da ya gaji da kayan da suka karkace. Duk da haka ba wanda ya taɓa cewa madugu matsoraci ne, tunda ƙurar da ta bugi ayari ta buge shi, kuma in ƴan fashi suka biyo sawu shi za su fara tararwa. Ina ganin kwamandanka zai iya fita tare da yaransa ba tare da ya zama na farko a sahu ba. Ya tsaya ɗan nesa kaɗan, inda zai ga kowa, ya bar wani ƙaramin hafsa ya yi aikin jagaba.

TsohonMalaminTarihi:
Maganar Hajiya ta tuna mini da yaƙin Midway, wanda Amurka da Japan suka gwabza a tekun Pasifik, kuma zan ɗan tsawaita domin a nan ne amsar tambayar farko take, fuska biyu. Ranar 4 ga watan Yuni 1942, kwamandan jiragen saman jirgin ruwan Amurka mai suna Enterprise, Wade McClusky, ya fita da kansa a gaban jiragensa masu jefa bam. Da suka isa inda aka ce musu ayarin Japan yake, ba su tarar da komai ba sai ruwa fetal, ga mai yana ƙarewa. Babu wanda zai tambaya, kuma komawa gida ba zai zama abin zargi ba. Sai ya zaɓi ci gaba da nema, har ya hangi wani ƙaramin jirgin ruwan yaƙi na Japan mai suna Arashi yana sheƙa gudu shi kaɗai, ya yi tunanin cewa wannan ƴan'uwansa yake bi, ya karkata ya bi inda ya dosa. Haka suka faɗa kan manyan jiragen, kuma cikin ƴan mintoci su da jiragen saman wani jirgin ruwan Amurka, Yorktown, suka cinna wa uku wuta: Kaga da Akagi da Soryu. Na huɗu, Hiryu, ya bi su daga baya a wannan yini. Wanda ke zaune a ɗaki ba zai ga farin kumfar da Arashi ya bari a bayansa ba.

Amma a wannan safiya ɗin dai, kwamandan jiragen saman Hornet, wani jirgin ruwan Amurka, Stanhope Ring, shi ma ya fita da kansa, ya ja mutanensa zuwa inda babu kowa. Ɗaya daga cikin hafsoshinsa, John Waldron, ya ƙi yarda da hanyar, ya ɓalle da jiragensa 15, ya kuma sami abokan gaba, amma ba tare da masu kare shi ba. Aka kakkaɓo su duka, mutum ɗaya tak ya rayu daga cikinsu. Wasu daga cikin waɗanda suka bi Ring kuwa mai ya ƙare musu suka faɗa teku ba tare da sun ga abokin gaba ba. Ka ga ke nan fita da kai ba ya mayar da kuskure daidai, sai ma ya sa babu wanda ya isa ya gyara shi.

Ɗalibin_DanDicko:
Baba Malam, a gafarce ni, na ɗauka McClusky shugaban jiragen farauta ne, irin waɗanda suke kare sauran, ba na masu bam ba. Ko na ruɗe ne?

TsohonMalaminTarihi:
Ba ka ruɗe gaba ɗaya ba, ɗana. Da farko shi ne shugaban jiragen farauta na Enterprise, sai aka ɗaga shi ya zama shugaban rukunin duka ƴan watanni kafin Midway, kuma ranar yaƙin jirgi mai jefa bam ya tuƙa. Wannan ma darasi ne ga Marubuci, domin muƙamin ya fi ƙarfin gwanintar tuƙa jirgi iri ɗaya.

Kamasho_TasharKatsina:
Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na shekara goma sha ɗaya a tasha, kuma akwai mutum na uku da ban ji kowa ya ambata ba. Mota tana da direba, direbobi suna da shugaban ƙungiya, amma wanda yake cewa wannan ta shiga layi, wannan ta jira, wannan ta fita, shi ne mai riƙe da takardar layi. Da asuba, kafin a kira salla, za ka gan shi da fitilar waya a baki yana rubuta lambobin motoci a bayan kwalin sigari, kuma ko shugaban ƙungiya bai isa ya tsallake layin nan ba sai da fitina. Wata rana wani shugaba da muka yi ya matsa sai motar ƙanensa ta fita kafin lokacinta, aka buɗe mata hanya alhali wata tana shigowa, suka toshe ƙofa har hantsi, fasinjan Ɗan Isa da na Jibiya suka watse suka hau babura. Ina tambaya, a cikin kumbon nan wa yake riƙe da ƙofa?

InjiniyaMaradi:
Kamasho, wallahi ka taɓo inda ya dace. A jiragen ruwa na gaske akwai hafsa na musamman da ke zaune a wani ɗaki mai gilashi a saman hasumiya, kuma duk abin da ya shafi tashi da sauka a hannunsa yake. Shi mutumin kyaftin ne, ba na kwamandan jiragen ba. Ma'aikatan filin ma da launin riga ake gane su: masu rawaya suna nuna wa jirage hanya, masu ja suna kula da makamai, masu shunayya suna zuba mai. Wato matuƙa na kwamanda ne, amma filin da suke tashi a kai da man da ake zuba musu da abincin da suke ci duk na kyaftin ne. Baƙo ne mai runduna a gidan wani. Kuma filin nan ba wurin wasa ba ne: a watan Yuli 1967 wani roka ya tashi bisa kuskure a kan jirgin Forrestal, gobarar da ta biyo baya ta kashe mutum 134. A kumbo abin zai fi haka muni, domin wuta tana cin iskar da ake shaƙa, kuma babu teku da za a tura jirgin da ya kama wuta a ciki, sai dai a buɗe ƙofa a zubar da iskar ɗakin tare da duk wanda bai fita ba.

MaiShakka_Tibiri:
Ku yi haƙuri in zuba ruwa a garwashin. Mene ne amfanin sa ɗan Adam a cikin ƙaramin jirgi tun farko? Mu nan Nijar mun ga jirage marasa matuƙa suna tashi daga Agadas shekara da shekaru, har Amurkawa suka kwashe nasu a 2024. Idan a zamaninmu ana yin haka, mutanen da suka iya ƙera kumbo mai ɗaukar jirage arba'in da takwas ba za su saka yaro mai jini a jika cikin gwangwani ba. Mutum yana bukatar iska da ruwa, yana suma in aka juya jirgi da ƙarfi, kuma dole a tanadi man dawo da shi. A sararin samaniya babu iskar da za ta tsayar da kai, man da ka ƙona don ka yi gudu sai ka ƙona kwatankwacinsa don ka tsaya, sannan ka sake yin haka a hanyar komawa. Na'ura kuwa ba sai ta dawo ba. A ganina kwamandanka na gaskiya mai kula da kwamfuta ne.

MalamaHausa_AliƊanSofo:
Malam Mai Shakka, hujjarka tana da ƙarfi ta fuskar kimiyya, amma adabi yana da nasa bukatu, kuma ba a makokin na'ura. Duk da haka ban ce Marubuci ya kau da kai ba. Ya ba mai karatu dalili guda mai gamsarwa, ko da a sakin layi ɗaya ne: ko abokan gaba suna toshe saƙon rediyo, ko an taɓa juya musu na'urorinsu suka harbe su da kansu, ko dokar al'ummarsu ta hana na'ura yanke hukuncin kisa. Zai ma iya haɗa biyun, kowane matuƙi yana kora jirage marasa matuƙa biyar ko shida a gabansa kamar makiyayi.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan muƙamin. Don Allah kada ka rubuta CAG a littafin Hausa, alhali muna da namu a nan cikin gari. A sarautar Katsinar Maradi, Ƙaura shi ne jagoran yaƙi, kuma yana cikin manyan fada masu zaɓen sarki tare da Galadima da Durbi da Ƴandaka. Ka duba yadda ya dace da abin da Baba Malam ya bayyana: mutum ne da yake ƙarƙashin sarki, amma mayaƙa fuskarsa suka sani, kuma sarki ba ya iya yin watsi da maganarsa cikin sauƙi. Idan ka kira kyaftin Sarkin Jirgi, ka kira tauraronka Ƙaura, duk Bamaraɗe zai gane zaman doya da manjan da ke tsakaninsu ba tare da ka yi bayani ba.

Ɗalibin_DanDicko:
Malama, ni Madawaki ya fi kwanta mini, tunda asalinsa uban dawaki ne, ƙananan jiragen kuma su ne dawakin wannan zamani. Amma na yarda Ƙaura ya fi kama da gida.

TsohonSoja_Madarunfa:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni sojan ƙasa ne mai ritaya, ban taɓa tuƙa jirgi ba, amma na zauna ƙarƙashin hafsoshi iri-iri, kuma ina so in gaya wa Marubuci cewa ranar faɗa ita ce mafi ƙanƙanta a aikin shugaba. Yawancin kwanakinsa suna ƙarewa ne a kan jerin sunaye: wa zai fita gobe, wa ya kwana biyu bai yi barci ba, wa hannunsa ya fara rawa yana ɓoyewa don kada a ce ya karaya, wane sabon yaro za a haɗa da wane tsohon hannu. Mun taɓa yin wani laftana da yake rubuta sunayen masu sintiri da alli a jikin ƙofar ƙarfe. Ranar da muka rasa mutum biyu, da dare na fito na same shi tsaye gaban ƙofar da tsumma a hannu, ya kasa goge sunayen, kuma dole ya goge domin na gobe ba su da wurin shiga. Daga baya ya goge da tafin hannunsa, ya shafa allin a wandonsa, ya rubuta nawa a gurbin ɗaya daga ciki. Da gari ya waye ya shiga motar gaba tare da mu, ko da yake ba lallai ba ne ya je.

Ga ɗan'uwa mai kabu-kabu, ba kullum yake fita ba, kuma ba mu raina shi ba. Abin da soja yake dubawa shi ne ko shugaba yana fita a ranar da aikin ya fi muni, ko kuwa sai ranar da za a ɗauki hoto.

ƊanKabuKabu_Zariya:
Baba Soja, na karɓi gyara, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma har yanzu ina nan kan cewa a babi na bakwai ɗin nan sai ya fita.

Marubucin_Bagalam:
Amin. Baba Soja, ina neman izininka in ari maganar allin nan, zan mayar da ita allon lantarki, ko ma in bar ta alli, domin ba na jin akwai abin da zai hana a sami alli a kumbo. Saura tambayata ta biyu, wadda Baba Malam ya ba ni tsarinta amma ban sami rikicinta ba. A kan me Ƙaura da Sarkin Jirgi za su saɓa, saɓanin da kowannensu yake da gaskiya?

TsohonMalaminTarihi:
Tarihi ya riga ya rubuta maka shi. Ranar 20 ga watan Yuni 1944, a yaƙin tekun Filifin, Amurkawa sun tura jiragensu da yamma liƙis zuwa wuri mai nisa, suka dawo cikin duhu, tankuna sun kusa bushewa, matuƙa da yawa ba su saba sauka da dare ba. Doka ita ce ayari ya kashe duk fitilu, saboda jiragen ƙarƙashin ruwa na Japan. Admiral Marc Mitscher ya ba da umarni a kunna fitilu, har da manyan da ke haska sama. Duk da haka an yi asarar jirage kusan 80 a wannan dawowa, ko da yake an tsamo mafi yawan matuƙan daga ruwa. Yanzu ka mayar da shi kumbo. Yaran Ƙaura goma sha biyu sun ɓata, iskarsu ta rage ta awa guda, kuma ba za su gane hanya ba sai kumbon ya kunna na'urar kira, wadda abokan gaba ma za su ji. Ƙaura yana lissafin mutum goma sha biyu da ya san sunan matansu, Sarkin Jirgi yana lissafin dubban da ke barci a cikin jirginsa. Ka lura kuma cewa a 1944 wanda ya yanke hukuncin yana sama da su biyun ne.

JikarMadugu:
To a nan tambayar farko ta dawo da wata fuska. Idan Ƙaura ya fita tare da su, yana cikin goma sha biyun da suka ɓata, kuma roƙonsa zai yi kama da na mai ceton ransa. Idan ya zauna ciki, yana tsaye gaban Sarkin Jirgi ido da ido, yana iya yin gardama, amma zai rayu da sanin cewa shi ya aike su. Ni da ni ce mai rubutun, ciki zan bar shi a wannan dare.

InjiniyaMaradi:
Ni kuwa waje zan sa shi, a nisan da saƙo ke ɗaukar daƙiƙa arba'in, yadda zai yi magana ya jira fiye da minti guda kafin ya ji amsa. Marubuci, kafin ka zaɓa, gaya mana: a kumbon naka akwai admiral, ko su biyun ne kaɗai manya? Sannan iskar awa nawa ka ba kowane ƙaramin jirgi a babi na uku, don in yi maka lissafin iyakar nisan da za su iya zuwa su dawo?